Ruwan Komawa a Jarkar Hamadu Juya-Baya

A unguwar Jambutu ta Garwa, idan ka ce kana neman Hamadu, sai an tambaye ka wanne. Amma ka ce Juya-Baya, ko mai tuyar ƙosai za ta ɗaga cokali ta nuna maka ƙofar kwanon nan mai shuɗin fenti da ke bayan rumfar masu faci. Shi dai ba ya amsa sunan. Shekara ashirin da biyu ana jifansa da shi a kan titi, bai taɓa waiwayowa ba, kuma bai taɓa mantawa da bakin da ya fara furta shi ba.

Kakansa bafatake ne, daga Kano ya shigo Garwa da turamen zane. Kafin abin ya zo kan Hamadu, shago ya mutu, sai sunan gida kawai. Yana da shekara goma sha shida ya ɗauki sanda ya shiga koren shanu a ƙarƙashin Alhaji Uba, babban mahauci kuma dillalin shanu, wanda kilishin gidansa ake saya a yi tsaraba da shi har Yawunde. Hamadu ya taka hanyar Banyo da ƙafa sau da yawa. A can ya koyi duba kofato, da gane gajimaren da zai cika rafi, da sanin ranar da rijiya za ta ƙi mutum.

Wata shekara Babbar Sallah ta faɗo cikin damina. Yana gaba da shanu saba'in da mutum huɗu, ya iso bakin kogin Faro ya tarar da shi ya cika yana jan itatuwa. Wasu garkunan suka faɗa suka haye, an rasa abin da aka rasa. Shi kuwa ya tsaya kwana biyu yana kallon ruwan, sannan ya juya garken baya ya tafi neman mashigi ta sama. Bai iso Garwa ba sai da aka ci Sallah aka suɗe. Ko saniya ɗaya ba ta ɓata ba, ko mutum ɗaya bai ji ciwo ba, amma kasuwa ta wuce. A bakin mayanka, gaban mahauta da almajiransu na sana'a da masu sayen kayan ciki, Alhaji Uba ya nuna shi da wuƙar da ke hannunsa ya ce, "Ku ga namiji. An aike shi gaba, shi kuma ya juya baya." Aka yi dariya. Daga ranar ya rasa aiki, ya sami suna.

Ba a daɗe ba ma manyan motoci suka cinye koren shanu. Abin da ya cece shi shi ne wani mutumin Poli mai suna Moïse, tsararsa, wanda ke ɗaukar wa Turawa kaya idan sun zo hawan dutse. Moïse na neman wanda ya san ruwa da hanya. Suka haɗu, suka shekara goma sha biyar suna kai baƙi duwatsun Mokolo da na Alantika, suna zagin juna da Fulatanci a kan hanya. Da tsaro ya lalace ta wajen Mokolo, Turawa suka ɗauke ƙafa. Hamadu ya koma ɗinkin tampol a ƙofar gida, matarsa Hafsatu na sayar da kunun gyaɗa, ana ci ana rufa asiri da ƙyar.

Sai ga wata sabuwar al'ada ta shigo gari. Matasa masu albashi, 'yan banki da malaman asibiti, suka kafa ƙungiyar tattaki. Ranar Asabar su sa riga iri ɗaya su hau tudun bayan gari su ɗauki hoto. Hamadu na kiransu masu tafiyar banza, tun da ba saniya a gabansu, ba kaya a kansu na sayarwa. Amma su arba'in ne, kuma sun ƙuduri fara tafiyar kwanaki, suna neman jagora ɗaya da za su riƙa fita da shi duk wata. Tafiyar gwaji ita ce ta Alantika, kwana uku, mutum shida. Wanda ya kai su ƙololuwa, aikin nasa ne. Shugaban ƙungiyar kuwa ba kowa ba ne illa Mahfuzu, ɗan autan Alhaji Uba.

Ba son ransa ne ya kawo Mahfuzu Jambutu ba. Mahaifiyarsa, Hajiya Balkisu, ita ta ce in ba da Hamadu ba to ba inda za shi, balle ya ja mata Ilham, 'yar ƙaninta da take riƙo, ma'aikaciyar jinya. Ya zo a mota, bai kashe ta ba, ya yi sallama daga tsaye.

"Malam Hamadu, an ce ka san Alantika."

Hamadu bai ɗago daga ɗinkinsa ba. "An ce."

"Ƙarshen watan nan muke so."

"Watan Maris? Cikin wannan zafin?"

"Lokacin ne muke da hutu. In ba za ka iya ba ka faɗa, akwai wasu."

Hafsatu na jin su daga bayan ƙyaure. Da motar ta tafi ta fito ta tsaya a kansa. "Malam, ka ji dai, duk wata ne. Don Allah wannan karon ka kai su inda suke so. Ka bar Alhaji ya ji da kunnensa cewa kai ka hau da ɗansa." Allurar ta tsaya a hannunsa na ɗan lokaci.

Dokarsa ce, jajiberin tafiya kowa ya kawo jakarsa gidansa. Ya shimfiɗa tabarma shida a tsakar gida, ya ce kowa ya zazzage. Yana bi yana ture kaya da bakin sanda. Turare, gefe. Lasifikar kiɗa, gefe. Baƙar riga, gefe, ta fi jan rana. Wani abokin Mahfuzu mai suna Patrice ya fito da sababbin takalma har da takardarsu a ciki, yana alfahari daga Duwala aka aiko masa.

"Sau nawa ka sa su?"

"Ban sa ba tukuna, na ajiye su don wannan tafiyar."

"To ka ci gaba da ajiye su. Je ka ɗauko tsohon da kake buga ƙwallo da shi. Sabon takalmi kafin azahar ya fasa maka dunduniya, ni kuma ba na goyon ƙato."

Ya sa suka cire safa, ya bi ƙafafunsu ɗaya bayan ɗaya yana matsawa, yana duba farce da tsakanin yatsu. Mahfuzu ya janye tasa. "Mu ba shanu ba ne fa."

"Na sani. Shanu ba sa musu."

Abin da ya yarda a ɗauka kaɗan ne. Hula mai baki, riga mai dogon hannu, tocila, ashana a ƙulle cikin leda, usur a wuyan kowa, gidan sauro, bargo mara nauyi, garin gero da dabino da sukari. Ilham ta buɗe akwatin magani, ya leƙa ya ga bandeji da ƙunshin gishiri da sukari na masu gudawa, ya gyaɗa kai. Ita kaɗai ce bai ture wa komai ba.

Daga ƙasan jakar Mahfuzu kuwa wani ƙunshi ya fito, babba, takardarsa ta jiƙe da jan mai. Ƙamshin ya cika gidan.

"Wannan ba ya zuwa," in ji Hamadu.

"Kilishi ne. Na gidanmu. Baba da kansa ya zaɓa. Ba nauyi, ba ya lalacewa, wane guzuri ya fi shi?"

"Na san na gidanku ne, na ci shi kafin a haife ka. Gishiri ne da yaji da tunkuza. Kowane yanki ɗaya sai ya nemi kofi biyu na ruwa. A bayan wa za a ɗauko ruwan?"

"Ko dai don na Alhaji Uba ne?"

Hamadu ya dubi yaron, ya ga hancin uban da tsayuwar uban. "Ɗan Alhaji, ko na Sarkin Makka ne ba ya zuwa. Mayar da shi mota."

Mahfuzu ya ɗauka ya fita da shi. Hamadu bai bi shi ya ga inda ya ajiye ba. Daga baya ya sha cewa a nan ne laifinsa yake.

Sannan ya jawo jarkoki biyu farare ya ajiye a gabansu. Ɗaya Moïse zai goya, ɗaya shi. A jikin tasa, ƙasa da rabi, akwai layi da aka ƙarta da ƙusa aka cusa gawayi a ciki.

"Ku kalle shi da kyau. Daga bakin jarka zuwa layin nan, ruwan tafiya ne. Daga layi zuwa ƙasa, ruwan komawa ne, shi zai mai da mutum takwas rijiyar ƙarshe da muka bari. In ruwa ya taɓa layi, ko hannunku na kan ƙololuwa, mun juya. Wanda bai yarda ba ya faɗa yanzu."

Ba wanda ya faɗa. Wani daga baya ya yi ƙus-ƙus da sunan nan, aka danne dariya.

Ranar farko ta tafi lafiya. Suka bar mota a Wangai, Hamadu ya je ya gaida jauro, mai garin ƙauyen, ya faɗa masa adadinsu da ranar da za su sauko, in ba a gan su ba a biyo sawu. Moïse a gaba, shi a baya, kamar yadda mai kora yake bin garke. Da yamma matasan suka ga farin yashin wani busasshen rafi suka fara shimfiɗa, ya tashe su ya mai da su kan tudu mai tsakuwa, suna ƙunƙuni. Da asuba ya hana alwala da ruwan jarka, ya ce ga ƙasa a yi taimama. Ya sa kowa ya kakkaɓe takalminsa kafin ya sa. Kunama ta faɗo daga na Patrice, daga nan aka ɗan rage masa raini.

A wani ƙauyen kan dutse suka cika jarkokin da gorunansu a rijiyar ƙarshe. Daga nan sai hawa, yini guda. Kusa da ƙololuwa akwai idon ruwa a ƙarƙashin wani falalen dutse. Hamadu ya same shi da ruwa a watan Maris sau uku, ya same shi a bushe sau biyu. A lissafinsa jarkar Moïse za ta kai su la'asar, su isa idon ruwan tasa ba ta ko kusanci layi ba.

Hantsi bai gama ɗagawa ba ya lura ana yawan tsayawa a gaba. Yana baya da wata yarinya da numfashi ke yi wa wuya, bai ga abin da ake yi ba. Da suka taru a inuwar wani dutse, rana na tsaka, Moïse ya sauke jarkarsa sai ta yi ƙara irin ta ganga.

"Ina ruwan?" Hamadu ya tambaye shi da Fulatanci.

Moïse ya kau da kai. "Suna ta miƙo gora. In hana su? Ni ɗan dako ne."

Hamadu ya dubi hannuwansu. Gefen farcen kowa ja. A tsagin dutse ga guntun takarda mai maiƙo, tururuwa sun yanyame ta. Ilham ta sunkuyar da kai.

"Baba, tun safe Yaya Mahfuzu ya raba mana. Na ɗauka kaɗan ba komai."

Bai yi faɗa ba, ya kwance tasa jarkar, domin ƙishin yaji ba a lallashinsa. Ya zuba musu rabin kofi, rabin kofi. Suka ƙara tafiyar awa guda, Patrice ya zauna daɓas yana riƙe da sha-raɓarsa, jijiya ta ɗaure. Ilham ta kaɗa masa gishiri da sukari, wannan ma ruwa ne. Aka sake zagayawa da kofi. Da Hamadu ya ɗaga jarkar ya saita ta da rana, inuwar ruwan na kwance daidai kan layin gawayi.

Daga inda suke ana hango ƙololuwar. Awa uku, ko uku da rabi. Ya daɗe yana kallonta. Ya tuna Hafsatu a tsaye a kansa. Ya tuna bakin mayanka. Sau uku da ruwa, sau biyu babu. Sannan ya dubi leɓen Patrice da ya yi fari.

"Mun juya."

Mahfuzu ya miƙe. "Me ka ce?"

"Ka ji."

"Ga ta can muna kallonta! Kai da bakinka ka ce akwai ruwa a sama."

"Na ce wani lokaci akwai."

"To mu je mu gani mana!"

"In mun je babu fa? Da me za ka sauko da mutum takwas? Da yawu?"

"C'est pas possible, ba zai yiwu ba," in ji Mahfuzu, yana juyawa ga sauran. "Kun ga abin da na faɗa muku? Baba ya gaya mini. Ya ce mutumin nan ko kwata ya gani a gabansa sai ya nemi hanyar gida." Ya matso har numfashinsa mai yaji na dukan fuskar Hamadu. "Shekara ashirin kana jin haushin gidanmu, yau ka sami inda za ka rama. Juya-Baya! Ai ba a banza aka sa maka ba."

"Yaya Mahfuzu, don Allah," in ji Ilham.

"Ke yi mini shiru."

Ya kai hannu zai ɗauki jarkar. Hamadu ya sa ƙafa ya taka igiyarta. Sandar na hannunsa, kuma kowa ya ga yadda yatsunsa suka matse ta. Ba ta tashi ba.

"Ɗan Alhaji, kai ka ci ruwan nan, ba ni ba. A tabarma na faɗa maka. Ka ɗauki kilishin ubanka ka fifita shi a kan maganata, to ga abin da ya saya maka." Ya ɗaga jarkar ya ɗora wa Moïse. "Ruwa ya yi ƙasa. Mai so ya bi shi."

Moïse ya kama hanya. Patrice ya bi shi yana ɗingishi, sauran suka bi ɗaya bayan ɗaya, ba mai kallon Mahfuzu. Ilham ta tsaya tana hawaye. Hamadu ya ce mata a hankali, "Tafi, 'yata. Kar ki waiwaya. Bar mini shi." Shi ma ya bi bayansu har suka sha kwana.

Mahfuzu ya ɗaga murya ya ce shi kaɗai zai hau, ya juya ya fara hawa da gorarsa da ba komai a ciki.

Duk wanda ya yi koren shanu ya san bijimin da ya ware ba a binsa. In ka bi shi, ƙara nisa zai yi. Garken ake korawa gaba har ya daina jin motsinsu, mai kora kuma ya laɓe inda yake ganinsa. Hamadu ya bar sauran suka yi nisa, ya dawo ta bayan duwatsu ya tsuguna a wani tsagi, da ragowar ruwan gorarsa da bai sha ba tun safe. Yana kallon farar hular Mahfuzu tana hawa. In ta wuce wancan baƙin dutsen, dole ya tashi ya bi, ko da su biyun za su kwana can. Ta kai gindin dutsen ta tsaya. Ta daɗe a tsaye. Ba motsin kowa, sai zafi da kukan wani tsuntsu. Sannan ta juyo, da farko a hankali, daga baya da sauri har tsakuwa na zubowa.

Da Mahfuzu ya wuce tsagin, Hamadu ya fito ta bayansa ya miƙa masa gorar. Mahfuzu ya dubi gorar, ya dubi maɓoyar, ya dubi hanyar da garken mutane ya bi. Ɗan dillalin shanu ne, ya san wannan dabarar tun yana yaro. Ya karɓa ya shanye, ya jefar da gorar a ƙasa.

"Ni ka yi wa haka? Wallahi ba za ka ƙara jan kowa a garin nan ba."

Hamadu ya sunkuya ya ɗauki gorarsa. "Taka a hankali, gangara ta fi hawa cin gwiwa."

Sun isa rijiyar gab da magariba, jarkar saura abin da bai cika kofi biyu ba. Washegari a Wangai, kafin su shiga mota, ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙirga su da bakin sanda kamar yadda ya saba. Shida. Har Garwa ba wanda ya yi masa magana.

Bayan mako biyu ƙungiyar ta koma da wani jagora, wani saurayi Dimitri mai taswira a waya. Suka hau har sama. Idon ruwan na nan da ruwansa, sanyi ƙalau. A teburin mai shayi aka miƙo wa Hamadu waya ya ga Mahfuzu yana kwara wa kansa ruwan yana dariya, an rubuta sunan nan a ƙarƙashin hoton. Aka ce Alhaji Uba, da tsufansa, sai da ya sa aka kai shi bakin mayanka ya ba da labarin da kansa. Aikin duk wata ya zama na Dimitri. Hafsatu ta yi kwana uku tana ajiye masa abinci ba tare da ta ce uffan ba.

Moïse ya kira shi daga Poli. "Ka ji akwai ruwa?"

"Na ji. Sau huɗu ke nan da ruwa, sau biyu babu."

"Da ka sani da ka hau?"

"Da na sani. Amma ban sani ba."

Ya koma ɗinkin tampol. Wata Juma'a da yamma Ilham ta zo a kan babur ɗin haya, ta durƙusa ta gaishe shi, ta ajiye wani ƙunshi mai jan maiƙo a gefen tabarmarsa. Ta ce Hajiya Balkisu ce ta ce a kawo, ba ta haɗa da wani saƙo ba. Hamadu ya dubi ƙunshin kamar zai ce a mayar. Sai ya ja shi, ya tashi ya shiga tsakar gida, ya zauna a gindin randa, ya ɗebo ruwa cike da moɗa ya ajiye kusa da ƙafarsa, sannan ya kwance takardar.